Baba Lamba da Allon Waƙoƙi

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran keke yake yi a bakin titi tun kafin a haife ni, amma a cocinmu Baba Lamba ake ce masa. Akwai wani allon katako a bango, can sama kusa da inda fasto ke tsayawa, inda ake jera lambobin waƙoƙin da za a rera ranar Lahadi. Shekara ashirin da shida shi ke jera su. Fastoci huɗu sun zo sun tafi, an canza kwanon rufi sau biyu, Kawu yana nan da gwangwanin lambobinsa na kwali da 'yar kujerar da yake takawa. Wanda ya kuskura ya taɓa gwangwanin nan, ko da garin shara ne, sai ya sha wa'azin da ya fi na fasto tsawo.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Tela, wanda shagonsa ke kallon rumfar Kawu. Ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba. In Kawu ya ce yau za a yi ruwa, Tela sai ya fito da wanki ya shanya. Amma benci ɗaya suke zama, littafin waƙa ɗaya suke riƙewa, kowa yana ja gefensa har bangon littafin ya rabe.

Wajen shekara biyu da suka wuce Tela ya ɗauko wani sabon hali. Da zarar fasto ya miƙa wa Kawu takardar lambobi da safe, sai ya fizge ta.

"Kai, dubi rubutun bawan Allahn nan! Kamar tsutsa ta faɗa tawada ta fito yawo. Ɗari biyu da sha huɗu ke nan fa, wai."

"Ba ni takardata, mai allura. Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Tamanin da bakwai. Haba, wannan bakwai ce ko ƙugiya?"

Sai ya tsoma hannu cikin gwangwanin da aka hana kowa taɓawa, yana miƙa lambobi ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana kan kujera yana masifa yana karɓa. Mu dai dariya muke yi, mun ɗauka rigimar tsofaffi ce. Ashe idon Kawu ne ya dushe. A rumfa ba a gane ba, don hannunsa ya san keke ciki da waje. Tela kaɗai ya gane, kuma bai faɗa wa kowa ba, har shi Kawun.

Sai 'yar Tela ta haihu a wani gari, ya tafi ganin jika. A Lahadin nan kuwa sakataren coci da matarsa za su yi godiyar cika shekara talatin da aure. Kawu ya karɓi takarda, ya ɗaga ta sama, ya kawo ta kusa da hanci, ya hau kujera ya jera abin da ya samu.

To, a cocinmu abin da allo ya ce shi ne. Fasto na iya kuskure, allo ba ya yi. Sakatare da matarsa suka fito gaba cikin kaya iri ɗaya, sai murmushi suke yi. Mai jan waƙa ya kalli allo, muka buɗe littafi, muka kama waƙar da muke yi a bakin kabari. Baiti huɗu gare ta, kuma sai da muka kai ƙarshe, don ba wanda ya yarda ya fara yin shiru. Wata tsohuwa a bayana ta share hawaye, ta taɓa ni tana tambaya wa ya rasu. Na ce mata, "Iya, ga su can tsaye."

Ranar Laraba da yamma dattawan ikilisiya suka zauna. Mahaifiyata ce shugabar mata, tana ciki, ita ta ba ni labari. Sakatare ya ce lokaci ya yi da Baba Lamba zai huta, a ba wani aikin. Kawu ya ce laifin rubutu ne. Fasto, mutumin kirki, ya ce mai yiwuwa ne. Ana cikin haka Tela ya shigo da jakar tafiyarsa, ko gida bai biya ba.

"Ba rubutu ba ne," ya ce. "Mutumin nan ba ya gani. Shekara biyu ke nan ni nake karanta masa."

Kawu ya miƙe. "Ni za ka yi wa haka a gaban mutane?"

"Kai ba a gaban mutane ka binne sakatare da ransa ba?" Sai ya juya wajen dattawa. "Amma ku ji. In kuka karɓe allon nan, ba zai sake tako cocin nan ba, na san kansa. Ni kuma ba zan zauna a bencin can ni kaɗai kamar maraya ba. Tsofaffi biyu za ku rasa."

Aka ba Kawu wata ɗaya: ya ga likitan ido, kuma kada a sake binne kowa.

Kwana tara Kawu bai yi wa Tela magana ba. Har kujerarsa ta rumfa ya juya ta ba shagon baya, yana gyara keke yana kallon bango. Lahadin da ta biyo baya fasto da kansa ya jera lambobi, Kawu ya zauna a ƙarshen benci, ko littafi bai taɓa ba. Ranar Juma'a ya je ya duba gwangwaninsa a kabad ɗin coci, babu. Bai tambayi kowa ba, ya tsallaka titi.

"Ina kayana, ɓarawo?"

Tela ya tura masa gwangwanin da ƙafa, bai daina taka keken ɗinki ba. "Ɗauki ɗaya ka shafa bayanta."

A bayan kowace lamba ya yi ƙulle-ƙulle da zare mai kauri. Uku, ƙulli uku. Sifiri kuwa ba komai. Kawu ya shafa ya shafa.

"Shida."

"Ka ga."

"Wa ya ce ka huda mini lambobi? Ɗinkin ma duk ya karkace."

"Fasto ya ce zai riƙa faɗa maka da baki. Litinin kuma asibiti, ƙarfe takwas. Ka sa riga mai kyau, kada ka kunyata ni."

Suka je. Likita ya ce yanar ido ce ta hana Kawu gani, za a cire. Da yake Tela ya cika ɗakin da surutu, yana gyara wa Kawu amsa, likita ya ce shi ma ya zauna ya karanta haruffan allon gwajin ido. A layi na huɗu ya tsaya cik. Aka rubuta masa tabarau.

Allo dai yana hannun Kawu har yau, dattawa ba su sake tayar da maganar ba. Sakatare ne kawai yake duba littafi a hankali kafin ya buɗe baki. Amma in ka kawo keke gyara, ko iska za a sa maka, ba za ka tafi ba sai ka ji yadda Tela ya tsaya a layi na huɗu. Ni na ji sau goma sha ɗaya. Jiya a bakin Kawu ya koma layi na biyu.