Na'urar da Ke Cin Kifi a Kamfanin Vardakas

Duk wanda firjinsa ya taɓa mutuwa a birnin Darwin ya san muryar Glenys Rudge, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce mai ɗaukar waya a kamfanin Manolis Vardakas, masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ta fara aikin tana budurwa, ta yi aure a cikinsa, mijin ya rasu ya bar ta a cikinsa, har furfura ta zo ta same ta a kan kujerar nan. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ma'aikata kaf Anti suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ɗaukar waya kuwa ba shi ne sarautarta ba. Sarautarta ita ce Juma'a. Kowane ƙarshen mako dole mutum ɗaya ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana, domin in zafin gabanin damina ya taso, mutumin da na'urarsa ta tsaya ba ya jiran Litinin, zagi yake yi. Akwai wata tsohuwar waya da ake ajiyewa a cikin kwanon abinci na roba, kuma Glenys ce ke zaɓen wanda zai tafi da ita gida. Matsalar ita ce, duk namijin da ke kamfanin ya fi ƙaunar kwale-kwalensa a kan barcinsa, Asabar kuma ranar kamun kifi ce.

Saboda haka tun daga Laraba ake fara zarya a teburinta.

"Anti, bayana fa ya riƙe," in ji Wal, wani dogo mai jan wuya wanda ya fi sauran masu gyara daɗewa a aikin.

"Bayan da ke jan ƙaton kifin baramandi daga ruwa? Allah ya sawwaƙe."

Sai Wal ya ajiye ƙunshi a gefen tebur, ya yi kamar mantuwa ya yi. Kifi ne an kankare an wanke, da lemun tsami a ciki, yadda take so. Wani ya kawo kaguwa, wani mangwaro. Su zauna a gefen teburin suna magiya, tana tsokanarsu, daga nan hira ta gangara kan matansu da surukansu da kadan da ya bi kwale-kwalen wane. Glenys ba ta taɓa sayen kifi ba. Amma in za a faɗi gaskiya, ba kifin ne ya fi mata daɗi ba. Gidanta shiru yake kamar an yi shara, kuma wannan magiyar ita ce hirarta ta mako.

Kwatsam sai Oga Manolis ya je wani taro a kudu, ya dawo da sabon tsari. Daga yau, in ji shi, na'ura ce za ta riƙa yin karɓa-karɓa. Kira ya shigo ranar hutu, ita za ta tura shi wayar wanda layi ya zo kansa. Ba roƙo, ba son kai, ba kwanon roba.

"Ke ma kin huta, Glenys," ya ce.

"Na gode, Oga," ta ce. A ranta kuwa cewa ta yi, wa ya gaya maka na gaji?

Makon farko ba wanda ya tsaya a teburinta. Su wuce, su ɗaga hannu, shi ke nan. Ranar Juma'a ta koma gida ta buɗe gwangwanin kifi na kanti, ta ci loma biyu ta ture. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta kuwa yi kuka, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Sai dai sabo turken wawa. A cikin ma'aikatan akwai Tevita, wani ƙaton mutumin tsibirin Tonga mai saurin yarda da magana. Shi a wurinsa, duk mai raba aiki ana gaishe shi. Ya leƙa kabad ɗin bayan ofis, ya ga wani baƙin akwati da wayoyi sun yi masa rawani, ya ce lalle wannan ce na'urar. Ya ɗora mata kifi a kai, ya rufe kabad. Makon nan kuwa layi bai zo kansa ba. To ina zai zo, alhali shi ya yi na makon jiya? Amma je ka gaya wa Tevita.

"Wallahi tana ci," ya ce wa sauran. "Na koma ban tarar da komai ba."

Ba shakka bai tarar ba, kifin yana firizar Glenys.

Kafin ka ce kwabo, kabad ya zama wurin ziyara. Kowace Juma'a sai an cika kan akwatin da kifi, kuma hanyar kabad ta gaban teburinta ta bi, don haka dole a tsaya.

"Anti, yaya kika ga fuskar na'urar yau?" in ji Wal, ko murmushi babu.

"Ranta a ɓace yake. Ta ce kifin makon jiya duk ƙaya ne."

"Ki ba ta haƙuri. Ga wannan, har da lemun tsami."

Wanda layi ya faɗa kansa duk da ya kai gaisuwa, sai Glenys ta ce ai hannun hagu ya miƙa da shi. Hira ta dawo, firiza ta cika, Anti ta koma yin kitso da jan baki. Abu ɗaya take tsoro, ranar da za su gane ita ke kwashewa, su ce ta mai da su sakarkaru, su daina tsayawa.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Juma'a haƙori ya tasa ta gaba, ta tafi asibiti tun da hantsi ba ta dawo ba, ga shi Litinin hutu ce. Ranar Talata Oga Manolis ya buɗe ofis, wari ya yi masa sallama tun daga ƙofa. A cikin kabad kifaye sun narke sun tsiyaye cikin akwatin. Wata kaguwa da Tevita ya kawo da ranta ta kwance igiyarta, ta datse wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, tana zaune a kai tana kumfa.

Oga ya ɗora hannu a ka. Ya tara kowa, ya kira kamfanin da suka haɗa tsarin, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Na'urarku ta mutu. Kaguwa ta kashe ta."

Mutumin da ya ɗauki wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, wane akwati kake nufi? Wancan baƙin tsohon kayanku ne, tun ranar da muka zo muka cire shi daga wuta. Karɓa-karɓarku tana kan kwamfutocinmu a Sydney. Lafiyarta ƙalau, jiya ma ta tura kira."

Tevita ya dubi akwati, ya dubi kaguwa.

"To wa ke cin kifin?" ya ce.

Glenys tana tsaye da kumatu a kumbure. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Oga ya sa aka fitar da akwatin bola, ya ce duk wanda ya sake shigo da abin ruwa ofis ɗin nan, shi da aikinsa.

Sauran makon ba ta ɗaga ido ta dubi kowa ba. Ranar Asabar da la'asar tana zaune a baranda ita kaɗai, sai ga motar Wal ta tsaya a ƙofar gida, sauran suna biye. Wal ne ma ke ko-ta-kwana a makon, wayarsa na aljihun gaba, babu abin da zai roƙa. Ya ajiye ƙunshi a kan teburinta.

"Wal, ni fa ba ni da ikon canza maka komai," ta ce. "Tun da aka kawo tsarin nan ba ni da shi."

"Mun sani, Anti."

"Tun yaushe?"

"Haba Anti. Ke kin taɓa ganin inda aka kai wa na'ura lemun tsami?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce su shigo mana, sun tsaya mata a ka kamar 'yan karɓar haraji, wani ya ɗauko kaskon suya a bayan ƙofa.

Tevita ne ƙarshen shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Ni fa da gaske nake kai wa na'urar," ya ce.