Hambali Alƙalin Gizo-gizo

A Kabo babu wanda bai san Hambali mai gyaran keke ba, amma ba don gyaran ba. Mutum ne da ya rantse ba zai kashe gizo-gizo da zalunci ba, tunda kakansu ne ya yi saƙa a bakin kogo ya rufa wa Annabi asiri. Tautau kuwa, mai dafin nan da ke tayar da ƙuraje a fata, hukuncinsa kisa. Matsalar ita ce Hambali bai iya bambance su da ido ba.

Sai ya ƙirƙiro shari'a. Duk wanda ya kama, sai ya kife shi da gwangwanin madara a dantsensa, ya ɗaure da roba, ya ci gaba da aiki a rana. In fata ta tashi, tautau ne, a kashe. In ba ta tashi ba, ya ba shi haƙuri ya mayar da shi ɗaki. Da bazara kowa mai laifi ne, da damina kuwa duk salihai.

A wata damina ce matarsa Asiya ta gaji da cire yana daga miya, ta yi yaji zuwa Durun.

"Malam, ka zaɓa," in ji ta kafin ta tafi. "Ko ni, ko baƙinka."

Ana cikin haka wani mai kemis a Gwarzo ya duba dantsen ya ce ai zafin gwangwani ne ke ƙona shi. Wallahi na tausaya wa Hambali. Ya zauna a bakin hanya yana kukan bayin Allah da ya kashe ba laifin tsaye ba na zaune. Ya bar wa danginsu ɗakin gaba ɗaya a matsayin diyya, ya sayar da akuyarsa ya gina wa Asiya sabo, sannan ya tafi biko.

Ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba, sai ga wani ƙaton gizo-gizo yana saukowa daga silin. Asiya ta cire takalmi, ta dubi mijinta, ta kuma dubi ƙofa.

Hambali ya juya fuska ga bango, ya toshe kunnuwa.

"Ni dai ban ga komai ba, Asiya," ya ce. "Shari'a kuwa sai da shaida."