Kawu Modu Mai Gyaran Lasifika

Kun dai san Kawu Modu na Mafoni. Ladan na ɗaga murya kowa zai nufi buta, shi kuwa sai ya karkata kunne ya ce, "Kai, wannan lasifika mura take yi!" Ya ɗauki sukundireba ya je ya gyara ta, amma ta taga. Ƙafarsa ba ta taka tabarmar masallaci.

Liman ya taɓa ce masa, "Modu, taku biyu ya rage, shigo mana." Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni da Mai gidan nan gaba muke yi. Wayarsa kawai nake gyarawa."

Emeka mai kayan lantarki ya ga banza ta faɗi, ya gayyace shi coci. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa. "Haba Emeka! Na ce maka da Maigida na ɓata, kai kuma kana nuna mini ƙofar baya?"

Ni ma da rawar kaina na ɗalibta na tare shi da hujja. "Kawu, wa ya ɗaga sama ba ginshiƙi?" Ya ce, "Wanda ya iya wannan ne ya kasa tsare mini Bukar?" Bukar shi kaɗai Kawu ya haifa. Ya tafi yankan shinkafa Zabarmari, waɗanda suka kashe shi kuwa kabbara suke yi. Can ya ce, "Wata rana in ji kamar babu Shi. Wata rana in ce gara akwai, in samu wanda zan yi wa ƙorafi. Miƙo mini filaya."

Ranar da ya rasu fa aka yi ta. Ga gawa a zaure, unguwa ta rabu biyu: a sallace shi ko a'a? Ana haka azahar ta yi. Ladan ya kama kira, lasifika ta shaƙe tana kukan kwaɗo, sai ga kowa ya juya yana duban taga. Wani ya tuntsire da dariya. Liman ya share ido ya ce, "Duk shekarun nan hannun wa ke kai muku kiran salla? Gabarsu tsakaninsu ce. Ku daidaita sahu."

Ya Allah, ga Modu nan ya zo, ta ƙofa wannan karon. Ka fara nuna masa Bukar, sauran maganar za ta zo da sauƙi.