Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa Ba

Duk lokacin da iska ta kawo min warin daddawa, sai Kaka ta faɗo min a rai, mahaifiyar Baba. Ita ke dafa kalwa a bayan gidanmu, ni kuma a ɗakinta na tashi.

Baba shi ne ɗanta na fari. Kun san al'adar. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya shigo tsakar gida sai ta juya tana gyaran wuta. Amma daddawar da ta fi kyau takan ware ta daban, ta ce min, "Kai wa uwarki, ta sa wa mutumin can a miya."

Shekarar da idonta ya fara rauni, shi ma Malam, kakanmu, jiki ya ƙi. Bayan an gama ɗaure dawa an zuba a rumbu, sai ya tara 'ya'yansa a zaure, ya sa na riƙo hannun Kaka na kawo ta. Ta zauna daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Ba na so a yi wannan magana a kan gawata. Ke, in na riga ki, wajen wa za ki zauna?"

Na ji hannunta ya matse nawa. Baba ya sunkuyar da kai, yana zane a ƙasa da kara.

Can ta ce, "Duk inda aka ajiye ni."

Ƙanin Baba, wanda ke awon hatsi a Dawanau, ya ce yana da ɗakin siminti, ga asibiti kusa. Malam ya dubi Baba, ya daɗe yana dubansa. Baba bai ɗago ba. A zaton Baba, tunda ba ta ambace shi ba, ƙanin nasa take so. Aka shafa fatiha.

Malam ya rasu da bazara. Da ta fita takaba mota ta zo. Ƙanin Baba bai rage ta da komai ba, shaida ce zan ba shi har gaban Allah. Sai dai ba ta san hanyar bayi a gidan ba, ba ta san muryar kowa a unguwar ba. Kafin wata kalwar ta nuna, aka aiko mana ta rasu.

Sau ɗaya tak na ji Baba ya taɓa maganar: "Da ma ta faɗa min."

Bara shi ma ya tafi. Yanzu Inna, mahaifiyarmu, ce ke laluben bango, 'ya'yanta kuma sun warwatsu, daga mai Kano sai mai Kudu. Yayanmu, ɗanta na fari, shi kaɗai ya rage yana noma a garin.

Ban jira a tara mu a zaure ba. Na same ta tana tsince wake, na ce, "Inna, zan lissafo miki 'ya'yanki. Ba sai kin kira kowa ba."

Na faro daga auta. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka." Haka ta yi wa kowa. Da na zo kan Yaya, wake ya tsaya a hannunta. Ta kau da kai.

"Ke dai ba ki da ta ido. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi, na wuce gona wajen Yaya. A satin nan ya fara buga tubali, jikin ɗakinsa ta gabas.