Murhun Banda da Ba a Ƙidaya Ba

Ina bakin tafkin Kainji a Wara da takardun tambayoyina, ina bincike kan kasuwancin kifi don kammala digiri, sai wata tsohuwa mai banda ta yafito ni.

"Ɗana, maza kaɗai kaka tambaya?"

Na ce, "Inna, ai su ne masu jirage."

Ta juya kifinta. "Hakanan masu takarda sunka yi kafin a tare ruwan Kainji. Sunka tambayi mazanmu, sunka ƙidaya ɗakuna. Da ruwa ya tashe mu munka koma sabbin gidajen da anka gina muna, babu wurin murhun banda. Kuma da shi nika ciyar da gida."

Na duba takardun da na cike. Wallahi babu mace ko ɗaya.

Nan gefen hayaƙin na zauna, na sake sabon lale.

Ku masu bincike, wa kuka wuce ba ku tambaya ba?