Ranar da Habu Ya Daina Shan Koko

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, ina aji biyar na firamare, muna tsakiyar 'yar gala-gala a gindin mangwaron makaranta, sai ga wata mota ja mai lasifika ta tsaya a bakin shinge. Kafin malamai su farga filin ya watse, har masu langa sun sauke ƙafa sun bi. A jikin motar an zana wani yaro mai kumatu riƙe da kofi, uwarsa na tsaye a bayansa tana murmushi kamar ba ta taɓa hura wuta ba. Wani saurayi ya riƙa zuba mana abin sha na madara a ƙananan kofuna, kurɓa biyu ya ƙare, lasifika kuwa tana ta maimaita magana guda: "Uwar da ke ƙaunar ɗanta, wannan take ba shi kowace safiya." Ni dai na lashe kofina na koma wasa. Ƙanena Habu, wanda ya shiga aji ɗaya a shekarar, shi ne ya ɗauko maganar ya kawo ta gida.

Gidanmu a unguwar Magajin Gari yake, gonarmu kuma ta wajen Kazage, kusa da bakin daji, inda Baba kan yi kwanaki bai dawo ba idan aiki ya taso. Inna ce ke riƙe da mu da dafaffiyar gyaɗa da nake ɗauka talla bayan an tashi makaranta. Da safe koko muke sha, wani lokaci da ƙosai, sau da yawa haka nan. Washegarin zuwan motar Habu ya ture kwanonsa ya ce ba ya sha. Muka ɗauka rigimar yara ce, na ma tsokane shi na shanye rabonsa. Amma abin ya ƙi wucewa. Kullum sai ya tafi makaranta da cikinsa wayam, ya dawo ya zauna a bakin rijiya yana kallon Inna tana surfe, irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amana. Ran nan tana tankaɗe ya tambaye ta a hankali, "Inna, ni ba kya sona ne?" Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta tashi ta shiga madafa, na bi ta na tarar tana goge ido da gefen zani, alhali ko wuta ba a hura ba. A ranar na ji na tsani saurayin nan da kofunansa, har yau ma ban gama yafe masa ba.

Inna ba ta dake shi ba, kuma ba ta yi masa ƙaryar cewa abin shan motar nan ba shi da daɗi ba. Ta bari sai da na dawo talla da yamma da ragowar gyaɗa a faranti, ta kira shi ta tambaye shi abin da nake cewa idan ina yawo a unguwa. Ya kwaikwayi muryata, da shaƙiyancinsa, "Ga gyaɗa mai zafi." Ta sa ya taɓa. Gyaɗar ta huce tun azahar, sanyi ƙalau. Sai ta ce, "Ka gani? Yayarka aikenta aka yi, dole ta yabi kayanta. Shi ma mai motar nan aiko shi aka yi. Bai san ni ba, bai san ka ba, bai san ƙarfe nawa nake tashi in dama maka koko ba." Ni kunya ta kama ni, don ban taɓa ɗaukar kiran da nake yi a talla a matsayin wani abu ba. Habu ya daɗe yana jujjuya gyaɗar, sannan ya tambaya ko za ta saya masa idan an sayar da masara. Ta ce in Allah ya hore. A shekarar ba mu samu taki ba, masarar ko ci ba ta kai mu ba. Ya koma shan kokonsa, bai sake tambaya ba, kuma wannan shirun nasa ya fi damun Inna a kan rigimar.

Yanzu Inna ta rasu, gonar Kazage ta zama wurin da ba ma iya zuwa saboda halin da daji yake ciki, awo muke yi kamar baƙi. Talla kuwa ta shigo har ɗaka, tana cikin wayar da ɗana ke karɓa ya yi kallo. Shekaranjiya ya nuna mini wasu takalma masu walƙiya, ya ce duk iyayen kirki suna saya wa yaransu. Na zaunar da shi na yi masa bayani iya iyawata, ya gyaɗa kai, amma na san gobe za a nuna masa wani abin, kuma ba ni da Inna da zan tambaya ko na faɗa daidai. Ashe abin da ta yi mana a yamma ɗaya, ni kullum zan riƙa sake shi.