Ƙyallen Bindigar Baba

Ni tela ne a Sabon Gari, Gusau. Ƙyalle har share shi nake ina zubarwa. Amma da Baba ya aiko daga ƙauyenmu na bayan Tsafe in tara masa na auduga zalla, wata biyu na yi ina cewa gobe.

Bindigar toka gare shi, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da ita yake korar birai daga masararsa, kuma masarar nan ita ce cin gidan. Kafin ya tura darma sai ya naɗe ta a ƙyalle mai faɗin murfin kwalba, wanda ya shafa wa man shanu. Yadi mai roba narkewa yake ya liƙe a cikin bindiga. Na san haka sarai. Na sha ganin yana zaro zare ya kanga wa wuta: auduga ta zama toka, roba ta dunƙule.

Da saƙo na uku ya zo, raina ya ɓaci. Na ce tsohon nan da naci yake. Na kwashi tarkacen ƙarƙashin keken ɗinki, ko dubawa ban yi ba, na cusa a leda na ba direban motar ƙauyenmu.

Baba bai sake aikowa ba.

Da kaka na je gida, ranar wata Juma'a, na tarar da masara jibge a tsakar gida. Na yi wanka na zuba shadda. Sai ga Baba da 'yar sharar da yake zuwa kasuwa da ita.

Na ce, "Baba, ina babbar rigar?"

Ya ce, "Mu tai, kar mu makara."

Inna ce ta yafito ni ɗaki. Ta ɗaga farar babbar rigar Baba ta saƙi, wadda ya gada wurin kakanmu. Tun daga ƙasa har aljihu duk huda ce, an yanke da almakashi a tsanake.

Ta ce, "Ƙyallayen naka ɗai-ɗai ya gwada su, ba na auduga ko guda. Ga birai sun sauko. Ya ce kar a faɗa maka, aiki ne ya yi maka yawa."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Haka na bi shi masallaci, shaddata sai ƙara take. A ƙofa wani dattijo ya dube ni, ya dubi 'yar sharar, ya ce, "Malam, wanga shi na ɗan naka tela?"

Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Shi ne. Duk Gusau ba kamarsa."